Kalmomin Turanci Masu Kama da Juna da Ƙa'idar “a”, “an” da “the”: Jagora ga Mai Jin Hausa

Duk mai neman gurbin karatu a jami'o'in Nijeriya ya san sai da kiredit a Turanci, ko a jarrabawar WAEC ko ta NECO, kuma a JAMB ma takardar Turanci wajibi ce ga kowa, ko likitanci zai karanta ko aikin gona. Bayan an gama makaranta ma ba a rabu da bukar ba: takardar neman aiki, rahoton ofis, saƙon da ake aika wa abokin ciniki a Legas ko Akara, duk da Turanci ake rubuta su. Malamin da ya saba duba rubutun ɗalibai zai gaya maka cewa jan bironsa ya fi yawan sauka a wurare biyu. Na farko, kalmomin da ke kama da juna a kunne amma ma'anarsu daban. Na biyu, 'yan ƙananan kalmomin nan uku da ke shiga gaban suna, wato “a”, “an” da “the”.

Maganar wannan jagora ɗaya ce: kada ka bar wa kunne hukunci. Ka dubi aikin da kalma take yi a cikin jimla, kuma ka yi awo da Hausarka, domin yawancin ma'aunin da kake bukata suna cikinta tun kana yaro.

Inda matsalar ta samo asali

Rubutun Turanci ya tsaya wuri ɗaya, furucinsa kuwa ya ci gaba da tafiya. A shekarar 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kalmominsu suka kwarara cikin harshen. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster, daga nan rubutu ya fara daidaita a kan takarda, alhali a daidai waɗannan ƙarnoni furucin dogayen wasulan Turanci yana sauyawa. Shi ya sa “meet” da “meat”, waɗanda a da ake furta su daban, yau suka zama sauti ɗaya. Harafin “k” na “knight” da “know” a da ana furta shi. Yau ya yi shiru, sai “knight” ta haɗu da “night”, “know” ta haɗu da “no”.

Mu ma muna da irin tamu, sai dai a juye take. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka “gari” na zama da “gari” na tuwo rubutunsu ɗaya, haka “fasa” tulu da “fasa” tafiya, haka “dafa” abinci da “dafa” kafaɗa. Babu Bahaushen da ke rikicewa a kansu, domin jimla ce take gaya masa wacce ake nufi. Wannan ɗabi'ar ta duba jimla kafin yanke hukunci ita za ka ɗauka ka kai wa Turanci.

Kalmomin da furucinsu ɗaya ne ko ga Bature

Waɗannan ko ɗan Landan da ido yake bambance su. Gwaji biyu ne ke raba su.

Gwaji na farko, mayar da kalmar Hausa a zuciyarka kafin ka rubuta. Idan “nasu” kake nufi, “their” ce. Idan “can” kake nufi, ko “akwai”, “there” ce. Idan “ko ... ko” ce, “whether”, idan yanayin sama ne, zafi ko damina, “weather”. Shugaban makarantar sakandare “principal” ne, aƙida ko ƙa'idar da mutum ya tsaya a kai “principle”. Filin gini “site”, gani “sight”, kawo hujja daga littafi “cite”. Takardu da biro na ofis “stationery” ne, motar da ke tsaye ba ta motsi “stationary”. Kalmomin Hausa na waɗannan ma'anoni ba su kama da juna ko kaɗan, don haka da zarar ka fassara, ruɗanin ya watse, saura haddar rubutun kawai.

Gwaji na biyu na kalmomi ne masu 'yar alamar nan ta sama, irin wadda muke sa wa “'ya'ya”. A “it's”, “you're”, “they're” da “who's”, alamar tana nuna an haɗa kalmomi biyu an jefar da harafi. Warware su ka gani. “It's raining” ta warwaru ta zama “it is raining”, magana ta tsaya daidai. Amma a jimlar da ke cewa gwamnati ta canza shawararta, in ka sa “it is decision” magana ta lalace, saboda haka “its decision” za ka rubuta, ba alama. Haka “you're late” da “your book”, haka “who's there” da “whose car”. Waɗannan na mallaka ba sa ɗaukar alamar.

Kalmomin da kunnenmu ne ya haɗa su

A nan laifin ba na rubutun Turanci ba ne, bambancin tsarin sauti ne. A Hausa, ko ka furta “f” da leɓe biyu, ko ta yi kama da “p”, ko ka mayar da ita “h” yadda Basakkwace ke cewa “tahi” a maimakon “tafi”, ma'ana ba ta canzawa. A Turanci tana canzawa: “full” cike, “pull” ja, “fast” sauri ko azumi, “past” abin da ya wuce, “coffee” abin sha, “copy” kwafi. Abin da baki ya haɗa, hannu ma yakan haɗa shi a takarda, don haka gyaran daga baki yake farawa.

Don furta “p”, rufe leɓɓanka duka biyu, sannan ka sake su da ƙarfi. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. In ka furta daidai za ta motsa. Don furta “f”, ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa ka hura. Ita “f” ana iya jan ta har numfashi ya ƙare, “p” kuwa ba ta jawuwa. Sautin “v” a wurin “f” ake yin sa, sai dai maƙogwaro yana kaɗawa; sa yatsa a wuyanka za ka ji. Da haka za ka raba “van” da “ban”, “vote” da “boat”, “vest” da “best”.

Sautin “th” iri biyu ne, kuma wanda ya yi tajwidi ya riga ya mallake su. Na “think” shi ne ث, na “this” shi ne ذ, bakin harshe yana taɓa haƙoran gaba. Yadda malamin allo mai kula ba ya yarda a mayar da su “s” da “z”, haka Turanci ba ya yarda: “think” tunani, “sink” nutsewa, “thank” godiya, “sank” ya nutse, “faith” imani, “face” fuska. Ka kula kuma da “taught”, ya koyar, da “thought”, ya yi tunani.

Game da wasula, tsawo da gajarta da ka sani a “fasa” da “fasa” za su taimake ka. “Live” zama ne, wasalinta gajere kuma sassauƙa. “Leave” bari ko tafiya, wasalinta dogo. Haka “sit” da “seat”, “fill” da “feel”, “this” na tilo da “these” na jam'i. Wanda ya rubuta wa maigidansa “I want to live this job” alhali ajiye aikin yake nufi, ya faɗi kusan kishiyar abin da ke ransa.

Tagwayen suna da aikatau

Akwai kalmomin da tushensu ɗaya, ɗaya suna, ɗaya aikatau: “advice” da “advise”, “belief” da “believe”, “proof” da “prove”, “breath” da “breathe”, “practice” da “practise”, “licence” da “license”. A kowane tagwaye na farkon ne suna. Gwajinsu shi ne duba maƙwabciyar kalma. Abin da ya biyo bayan “the”, “my”, “his” ko “some” suna ne: “my advice”. Abin da ya biyo bayan “will”, “can”, “I” ko “they” aikatau ne: “I will advise him”. Amurkawa suna rubuta “practice” da “license” ga suna da aikatau duka, amma makarantun Nijeriya da Gana rubutun Birtaniya suka gada. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa cikin takarda guda.

Gwajin nan yana aiki ga “affect” da “effect”. A mafi yawan jimloli “affect” aikatau ce, shafa. “Effect” suna ce, tasiri ko sakamako. “The flood affected farmers”, amma “the effect of the flood”. “Lose” aikatau ce, rasa ko yin asara, ana furta ƙarshenta da “z”. “Loose” sifa ce, sako-sako, ƙarshenta “s”. “Accept” karɓa, “except” sai dai ko ban da. “Quiet” shiru, gaɓa biyu. “Quite” sosai ko gwargwado, gaɓa ɗaya. Sai “been” da “being”, waɗanda ke wahalar da har ma'aikatan ofis. Dubi abin da ya gabace su: “has”, “have” da “had” suna jan “been”, “is”, “are”, “was” da “were” suna jan “being”. “The road has been repaired”, an gyara hanya. “The road is being repaired”, ana kan gyara.

Tambayoyi uku kafin kowane suna

Yanzu ga “a”, “an” da “the”. Ka ji yadda muke ba da labari: “Wani mutum ya zo da wata mota. Mutumin ya fito, ya bar motar a bakin titi.” Da farko “wani” da “wata”, domin mai sauraro bai san su ba. A karo na biyu aka liƙa musu “-n” da “-r”, domin yanzu an san wanda ake nufi. Turanci haka yake yi: “A man came in a car. The man got out and left the car by the road.” Wannan shi ne ginshiƙin ƙa'idar, kuma ka iya shi.

Bambancin shi ne Hausa tana barin suna tsirara a wurare da yawa, Turanci kuwa ba ya barin suna tilo mai ƙirguwa ya tsaya shi kaɗai. Muna cewa “na sayi mota”, “shi malami ne”, “rufe ƙofa”, “rana ta faɗi”. A Turanci dole “I bought a car”, “he is a teacher”, “close the door”, “the sun has set”. Saboda haka duk sunan da ka zo rubutawa, yi masa tambayoyi uku.

Ta farko: mai karatu ya san takamaimai wanne nake nufi? In ya sani, “the” ce, ko tilo ne ko jam'i. Yana iya sani don an ambata a baya, ko don abin ɗaya ne tak, kamar “the moon” da “the Qur'an”, ko don wurin da kuke ya nuna, kamar ƙofar ɗakin da kuke zaune, ko don bayanin da ya biyo baya ya killace shi: “the book you gave me”. Haka nan “the first”, “the best”, “the same” da “the only”, domin na farko da mafi kyau ba sa zama biyu.

Ta biyu, in bai sani ba: abin yana ƙirguwa? In ba ya ƙirguwa, kamar “water”, “rice”, “money” da “patience”, kada ka sa “a” ko “an”. Bar shi haka, ko ka sa “some”.

Ta uku, in yana ƙirguwa: ɗaya ne ko da yawa? In ɗaya ne, “a” ko “an”. Asalin kalmomin nan biyu daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin “ɗaya” suka fito, shi ya sa ba sa shiga gaban jam'i. In jam'i ne kuma maganar ta game kowa, ba a sa komai: “Farmers need rain”, manoma duk inda suke. In ka ce “the farmers”, wasu sanannun manoma kake nufi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su lura da wannan sosai, domin Faransanci yana sa irin wannan kalma a gaban suna gama-gari, sai hannu ya kai su ga “the life is hard” a inda Turanci ke son “life is hard”.

Tarkon sunaye marasa ƙirguwa

Abin da ke ƙirguwa a Hausa ba lalle ne ya ƙirgu a Turanci ba. Muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, hujja da hujjoji, kaya da kayayyaki. Amma “advice”, “information”, “evidence”, “furniture”, “equipment” da “luggage” ba sa ɗaukar “a” ko “an”, ba sa ɗaukar “s” ta jam'i. In kana son nuna guda ɗaya, ka ce “a piece of advice”. “News” kuma, duk da “s” da ke ƙarshenta, tilo ce: “the news is good”. “Staff” tana nufin ma'aikata a dunƙule, mutum ɗaya daga cikinsu “a member of staff” ne.

Ƙamus ne ke warware wannan. Ƙamusun da aka yi don masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary da A. S. Hornby ya assasa, suna sa harafin C a gefen suna mai ƙirguwa, U a gefen marar ƙirguwa. Wasu sunayen suna ɗauke da duka biyun, ma'ana tana sauyawa: “paper” takardar rubutu, “a paper” jarida ko maƙala, “experience” gogewa, “an experience” wani abu da ya taɓa faruwa da mutum.

“A” ko “an”: sauti ake bi

A nan kaɗai kunne yake da hukunci. In kalmar da ke biye ta fara da sautin wasali, “an”. In da sautin baƙi, “a”. Harafin da aka rubuta ba shi ne abin dubawa ba. “University”, “uniform” da “European” da sautin “y” suke farawa, don haka “a university”. “One-day” da sautin “w” take farawa: “a one-day seminar”. “Hour”, “honest”, “honour” da “heir” kuwa “h” ɗinsu ba a furta ta, don haka “an hour”, “an honest trader”. Mu da muke furta “h” sosai a Hausa sai mun kiyaye waɗannan huɗun da danginsu. Sauran irin su “house” da “hospital” da “a” suke tafiya.

Taƙaitattun sunaye ma yadda ake kiran harafin farko ake bi. “N” ana kiranta “en”, “H” “eic”, “M” “em”, “S” “es”. Saboda haka “an NCE holder”, “an HND”, “an MSc”, “an SMS”, amma “a BSc”, “a PhD”.

Sunayen wurare da muƙamai

Garuruwa, jihohi da yawancin ƙasashe ba sa ɗaukar “the”: Kano, Zinder, Nigeria, Ghana. Ƙasashen da sunansu jam'i ne ko yake ɗauke da kalma irin “kingdom”, “states” ko “republic” suna ɗauka: “the United Kingdom”, “the United States”, “the Netherlands”. Gambiya ma a hukumance “The Gambia” ce. Koguna, tekuna da hamada suna ɗauka: “the Benue”, “the Atlantic”, “the Sahara”. Tafkuna ba sa ɗauka: “Lake Chad”. Saboda haka “Niger” ƙasa ce ko jiha, “the Niger” kogin Kwara ne.

Jami'ar da sunanta ya fara da sunan mutum ba ta ɗauka: “Ahmadu Bello University”, “Bayero University”. Wadda aka gina sunanta da “of” tana ɗauka: “the University of Maiduguri”. Haka muƙami: “the Sultan of Sokoto”, “the Emir of Kano”, “the Governor”, amma in sunan mutumin ya biyo bayan muƙamin kai tsaye, “the” ta faɗi. Harshe ba ya ɗauka, “she speaks Hausa”, sai in an ƙara kalmar “language”: “the Hausa language”.

Akwai kuma wuraren da ake zuwa don abin da aka gina su dominsa. Ɗalibi “goes to school”. Uban da ya je ganin hedimasta “goes to the school”. Fursuna “is in prison”. Mai kai masa abinci “goes to the prison”. Ana cewa “by car”, “on foot”, “at night”, “have breakfast”, ba tare da komai ba. Cuta mai suna kamar “malaria” ba ta ɗauka, amma “a headache” da “a cold” suna ɗauka. Ka lura da “few” da “a few”: “few people came” kukan ƙarancin mutane ne, “a few people came” kuwa cewa ne wasu sun zo, ba laifi.

Gwaji a kan takardar neman aiki

Ga irin abin da ake yawan gani: “I am NCE holder. I write to apply for post of English teacher. I hope principle will except my application and give me advices.”

Bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. “Holder” tilo ne mai ƙirguwa, ɗaya daga cikin masu shaidar da yawa, kuma “N” da sautin wasali take farawa: “an NCE holder”. “Post” bayanin da ya biyo baya ya killace shi: “the post of English teacher”. Shugaban makaranta ake nufi, kuma shi kaɗai ne a makarantar: “the principal”. Karɓa ake nufi, kuma bayan “will” aikatau ke zuwa: “accept”. Shawara ba ta jam'i a Turanci: “some advice”. Gyara biyar a jimloli uku, babu wanda ya bukaci wata babbar kalma.

Yadda za ka mayar da shi ɗabi'a

Idan ka gama rubutu, karanta shi sau biyu, kowane karatu da aikinsa. A na farko ja layi ƙarƙashin kowane suna ka yi masa tambayoyin nan uku. A na biyu nemi tagwayen kalmomin da ka san suna kayar da kai, ka mayar da kowace Hausa. Kada ka dogara da manhajar gyaran rubutu ta waya ko kwamfuta, domin “their” da “there” duka kalmomi ne ingantattu, sau da yawa za ta bar maka wadda ba ita ba.

Ka ware ƙaramin littafi. Duk tagwayen da aka gyara maka, rubuta su da ma'anarsu da Hausa, da jimla ɗaya ta kanka ga kowace, a kan abin da ka sani: kasuwarku, gonarku, unguwarku. Sabon suna kuma kada ka haddace shi tsirara. Haddace shi da abokin tafiyarsa, “an umbrella”, “some information”, “the Sahara”. A kowane mako ɗauki sakin layi ɗaya daga jaridar Turanci mai inganci, kwafe shi ba tare da “a”, “an” da “the” ba, ajiye shi zuwa washegari, sannan ka mayar da su da kanka ka gwada da na asali. Inda kuka saɓa, nemi dalili a cikin tambayoyi ukun.

Malamai kuma, don Allah, idan yaro ya kasa gane “the”, a sa shi ya ba da labarin da Hausa tukuna, a nuna masa inda ya ce “wani yaro” da inda ya ce “yaron”. Daga nan sai a koya masa wuraren da Turanci ya ƙara a kan haka. Ya fi sauƙi a ɗora sabon ilimi a kan wanda yaro ya zo da shi daga gida.